Abubakar Imam: Alƙalami Ɗaya Tsakanin Jarida da Ƙagaggen Labari

Masu nazarin adabin Hausa sun saba raba Abubakar Imam (1911–1981) gida biyu: mai ƙaga labari, da kuma editan jarida. Wannan rabo yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci a aikinsa, wato yadda ya koyi faɗin gaskiya a gaban mai iko ba tare da an ƙwace masa alƙalami ba.

An haife shi a Kagara, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a garin. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da shi, da littafin Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna wayo daga gari zuwa gari. Ba neman ruwan ne ke riƙe mai karatu ba. Harshen ne: Hausar zaure da kasuwa, wadda ta hau takarda ba ta rasa gishirinta ba.

A Magana Jari Ce, aku ne ke tsare ɗan sarki daga makircin waziri, ba shi da makami sai labari. Da Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, kusan matsayin akun nan ya tsinci kansa. Jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, sarakuna kuma suna sa ido. Don haka ya riƙa nannaɗe gyara cikin karin magana da raha, ya kuma buɗe shafi ga wasiƙun masu karatu.

Akwai abin suka. Da yawa daga labaransa aro ne daga littattafan Larabawa da na Turawa, mata kuma ba su cika samun murya tasu a ciki ba. Taka-tsantsan ɗinsa ya sa wasu matasan zamaninsa suka ga ya cika lallashin masu mulki. Amma aron da ya yi, ya rina shi har ya zama ɗan gida.

Malamin da ke karantar da Hausa a Maraɗi ko Damagaram zai yi asara in ya tsaya ga nishaɗin labaran kawai. Ya kamata ɗalibi ya tambayi kansa: wa akun yake yi wa magana, kuma me ya hana shi faɗinta kai tsaye?