3.4 Aikatau "Dispatch" da Matsalar Fassara Shi da "Aika"

A wannan sashe an yi nazarin aikatau "dispatch" na Ingilishi, da yadda wasu masu fassara kan mayar da shi "aika" a duk inda suka tarar da shi. Kalmar ta shiga Ingilishi ne a farkon ƙarni na 16 daga Italiyanci ko Sifaniyanci. Akan rubuta ta "dispatch" ko "despatch". Rubutu na biyun ya yaɗu ne bayan fitowar ƙamusun Samuel Johnson a 1755, amma bambancin bai shafi ma'ana ba.

Aikatau ɗin yana da manyan ma'anoni uku. Ta farko ita ce tura mutum ko kaya zuwa wani wuri takamaimai cikin hanzari, galibi da umarnin hukuma. Ta biyu ita ce gama aiki da sauri. Ta uku ita ce kashewa. Alal misali:

(a) The president dispatched troops to the border.
(b) The clerk dispatched the letters.
(c) The hunter dispatched the wounded lion.

Idan aka fassara (a) da "shugaban ƙasa ya aiki sojoji", an mayar da sojojin tamkar yaran da aka aika kasuwa sayen gishiri. "Tura" ita ta fi dacewa, domin tana ɗauke da iko da gaggawa: "ya tura sojoji kan iyaka". A (b) kuwa "aika" ta yi daidai: "akawu ya aika da wasiƙun". A (c) ne kuskuren ya fi muni, domin mai karatu zai tambayi inda aka aiki zakin. Abin da Bahaushe zai ce shi ne "maharbi ya ƙarasa zakin". Hausa tana da "aika shi lahira", wadda ta yi kama da ma'anar Ingilishin, sai dai an fi faɗin ta game da mutum.

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa aikau da karɓau su ne ke tantance fassarar wannan aikatau. Mai fassarar da bai dube su ba yana iya mayar da labarin kisa ya zama labarin aike, musamman a rahoton yaƙi ko a shari'a, inda kalma ɗaya kan canza hukunci.