4.3 Sharhi a Kan Manufar Man Tsirrai ta 2007 da Halin Manomin Dutsi

A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar samar da man tsirrai, ta kuma ɗora wa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, alhakin aiwatar da ita. Manufar ta tanadi a riƙa gauraya fetur da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin itanol da za a tatso daga rake da rogo, sannan a samar da man dizal daga tsirrai irin su bini-da-zugu. An yi koyi ne da Burazil, wadda ta fara irin wannan shiri da rake tun 1975.

Idan aka yi la'akari da yankin Dutsi da ke shiyyar Daura, za a ga cewa manufar tana da rauni. Ƙasar yankin jigawa ce, damina gajera ce, abin da ake nomawa kuwa gero ne da dawa da wake da gyaɗa. Masu goyon bayan bini-da-zugu sun kafa hujja da cewa yana fitowa a ƙasar da ba ta da amfani. To amma filin da ake kira marar amfani a nan, shi ne makiyaya da burtali da sauran da ake bari ta huta. Haka kuma shukar, wadda Bahaushe ya sani a matsayin shinge, ba ta 'ya'ya sosai sai ta sami ruwa da taki, wato abin da gero ke buƙata. Ga shi ko akuya ba ta cin ganyenta.

Batun rogo ya fi wannan nauyi, domin garin kwaki shi ke riƙe gidaje da dama idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina. Duk lokacin da masana'anta ta shiga kasuwa tana sayen rogo, talaka ne zai ji a jikinsa. An ga makamancin haka a 2007 da 2008, lokacin da karkatar da masarar Amurka zuwa itanol ya zama ɗaya daga cikin dalilan tsadar hatsi a duniya.

Babban giɓin manufar shi ne ta tsaya a kan tankin mota ta mance da murhu. Makamashin da gidajen Dutsi suka dogara da shi itace ne da kara. Karan da aka ƙone a girki kuwa, dabba ba ta ci shi ba, balle ya koma gona a matsayin taki.