Sabbin Marubuta Wasan Kwaikwayo a Dakoro Sun Cancanci 'Yan Kallo

A Dakoro akwai samari da 'yan mata masu tsara wasan kwaikwayo, kuma aikin wasu daga cikinsu ya wuce a kira shi wasan yara. Galibi 'yan lise ne da 'yan kwaleji, da ƙananan malaman makaranta, da waɗanda suka gama karatu suna zaman jiran aiki a fada. Ba a san su a Maraɗi ba, balle Yamai. Mu da muke gari ɗaya da su ma, mun fi son mu raba dare muna kallon fim ɗin Kano a salula, in aka ce akwai teyatur a filin makaranta sai mu tura yara. Ina ganin wannan sakaci ne, kuma mu ne za mu yi asara in muka bar waɗannan matasa suka gaji suka watsar.

Kwaikwayo daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Yaron da ya liƙa gemun auduga ya fita tashe cikin azumi, kwaikwayo yake yi. Samarin Damagaram da ke naɗa gwamna da alƙali da sojoji masu bindigar kara a wasan kara, su ma kwaikwayo suke yi, kuma hukuma tana kallo tana ganin kanta. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na Samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa inda kowace jaha ke zuwa da waƙarta da rawarta da wasanta a yi gasa. A wancan zamani ne ƙungiyar Damagaram ta su Yazi Dogo ta shiga kowane gida ta rediyo da talabijin. Yazi Dogo malamin makaranta ne. Kafin ƙasa ta san shi, mutanen garin da yake zaune ne suka fara zama suka saurare shi. Duk wani gwani da muke tunawa yau, akwai ranar da yake sabon hannu.

Abin da ya canja shi ne wanda ke biyan kuɗin wasa. Tun da Samariya ta watse, mafi yawan wasannin da ake yi a karkararmu na wayar da kai ne, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyinsu. Ba na raina su. A yankin da ya ga yunwar 2005 da idonsa, wasan da ya sa uwa ta kai ɗanta awo ko rigakafi ya yi aikin lada. Sai dai irin wannan wasa, tun kafin a fara kowa ya san ƙarshensa. Maigida mai taurin kai zai hana, malamar asibiti za ta yi bayani, wani abu zai faru, maigida zai yi nadama, a tafa. Marubucin da ya shekara yana cika irin wannan oda, hannunsa yakan saba da ba da amsa, ya manta yadda ake yin tambaya. A ɗaya gefen kuma ga barkwancin minti ɗaya na TikTok da WhatsApp, wanda ke kawo suna da wuri, amma ba ya koya wa yaro yadda zai riƙe hankalin mutane na tsawon awa guda.

Tsakanin waɗannan biyun ne nake ganin wani abu na uku yana tsirowa, kuma shi nake tallata wa mai karatu. Wasanni ne da matasa suka tsara don abin yana ci musu rai, ba wanda ya aiko su. A bikin ƙarshen shekara na wata makaranta na kalli ɗaya a kan manomi da makiyayi. Ɗan Dakoro ba ya buƙatar a fassara masa wannan magana. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa a wajen kwarin Tarka, amma jama'a ta ƙaru, gonaki sun gaji, noma ya yi ta turawa arewa, burtali ya ƙuntata. Yaran da suka yi wasan ba su mai da kowa mugu ba. Manomin yana da baki goma da zai ciyar daga gonar da ta daina ba da dami kamar da. Bafillacen ya dawo daga mashekari ya tarar an shuka hatsi a hanyar da ubansa ke bi da shanu zuwa rijiya. Matan gidajen biyu kuwa ƙawaye ne, nono da hatsi suke musaya tun suna amare. An tashi wasan ba a raba gardama ba, sai 'yan kallo suka ɗauke ta suka tafi da ita gida. Har washegari ana musu a kai a wajen mai shayi.

Wani wasan kuma wata yarinya ce ta tsara shi, a kan matar da mijinta ya tafi Libiya bida, shekara ta zagayo ba saƙo ba labari, tana zaune tsakanin surukai da iyayenta, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba. Kowace unguwa tana da irin wannan baiwar Allah, amma ban taɓa jin an ba ta baki ta yi magana a gaban jama'a ba sai a wannan dandali. Kuma da Hausarmu ta nan aka yi shi, da karin harshen Gobir da na Adar, ga Fillanci da Buzanci suna faɗowa inda suka dace, yadda ake ji a kasuwa. Fim ɗin Kano, duk kyansa, ba zai yi mana wannan ba.

Yabon gwani ya zama dole, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da yawa cikin yaran suna ɗauka ihu shi ne iya wasa. Wasu suna jan fage har mutane su fara hamma. Wasu suna cusa waƙar soyayya irin ta fim inda labari bai neme ta ba. Babbar matsalar ita ce rashin rubutu. Galibi baki da baki ake shirya wasan, kowa ya ƙara nasa, in an gama ya bi iska. Haka manyan ƙungiyoyin zamanin Samariya suka yi aiki, shi ya sa abin da ba a naɗa a faifai ba sai dai a ji labarinsa wajen dattawa. Dubi kuma Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda aka buga a 1960, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umar Ɗanjuma Katsina na 1979. Har yau ana karanta su, kuma duk ƙungiyar da ta so za ta iya ɗaukowa ta sake hawa dandali da su. Littafin rubutu da biro sun isa su tsare wasan da aka yi wata uku ana wahala a kansa.

Akwai iyayen da ke ganin wasan kwaikwayo hanyar lalacewa ce, musamman ga 'ya mace. Damuwarsu abin saurare ce, kuma maganinta shi ne su zo su zauna a sahun gaba. Wasan da ake yi da la'asar a filin makaranta, gaban malamai da dattawa, ya fi abin da yaro ke kallo shi kaɗai cikin ɗaki tsabta nesa ba kusa ba.

Masu cewa ba mu da zauren wasa kuma, su dubi maƙwabta. A Wagadugu, bikin Récréâtrales da Étienne Minoungou ya kafa a 2002 yana shirya wasanninsa a tsakar gidajen mutanen unguwa, kuma marubuta daga ƙasashe da dama suna zuwa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ginin ƙasa aka yi dandalin da ya horar da ɗimbin 'yan wasa. A nan gida, marigayi Alfred Dogbé, wanda ya rasu a 2012, ya kafa bikin Émergences a Yamai don sabbin hannu su samu inda za a gan su. Abin da aka fara da shi a waɗannan wurare shi ne mutanen da suka ɗauki aikin matasa da muhimmanci.

Mun san yadda ake renon ɗan kokuwa. Daga dandalin ƙauye yake farawa, a yi masa kiɗa, a yi masa kari, a kai shi gunduma, a kai shi jaha, har wata rana ya nemi takobin ƙasa. Marubucin wasa ma haka yake buƙata. Shugabannin makarantu su ware wa wasan ɗalibai rana tasa, kada ya zama abin cike gurbi bayan dogayen jawabai. Ma'aikatar magajin gari ta shirya gasa sau ɗaya a shekara bayan kaka, sharaɗinta wasan ya zama sabo kuma a rubuce, a gayyato Kornaka da Birnin Lalle da Sabon Mashi. Gidajen rediyon karkara su naɗi wanda ya yi fice su watsa. Ƙungiyoyin agaji, in za su biya, su riƙa barin marubuci ya zaɓi ƙarshen labarinsa.

Kai kuma mai karatu, in ka ji sanarwar wasa a unguwarku, ka je da iyalinka, ka biya kuɗin ƙofa in an sa. In an tashi ka nemi wanda ya tsara wasan, ka tambayi sunansa, ka gaya masa inda ya burge ka da inda ya gaza.