Dutsen Awon Nan Ba Na Mansa Musa Ba Ne

A fitowar da ta wuce, wani yaronmu mai ƙoƙari ya yi rubutu a kan ƙaramin faifan tagulla da aka nuna a bajekolin kayan tarihi na bayan Sallah. Ya ce miskali ne na awon zinariya daga Mali, tun zamanin Mansa Musa, kuma kakannin masu shi ne suka zo da shi Badun. Rubutun ya yi daɗin karatu, mun yaba da yadda ya zauna da tsofaffi ya ji ta bakinsu. Amma da muka ji ana shirin buga hoton abin a kalandar unguwa da wannan bayani a ƙasansa, sai muka ce a dakata.

Mun roƙi masu shi suka ba mu aro na yini ɗaya, Allah Ya saka musu. Abu na farko da ake yi wa dutsen awo shi ne a auna shi, kuma nan ne ɗanmu ya yi tuntuɓe, don bai auna ba. Mun kai shi wurin maƙerin zinariya, sikeli ya nuna giram 8.3. To, miskali ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta babin zakka. Nisabin zinariya miskali 20 ne, wato giram 85, ka ga kowane miskali giram 4.25 ke nan, nauyin dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira. Ko an ce miskali biyu ne, 8.5 ya kamata a gani.

Sannan rubutun da ke jikinsa, wanda aka ce Larabci ne da ya goge. Haba jama'a! Mun share shi da tsumma, mun sa tabarau, babu alifi babu ba. Boko ne tsantsa. A fuska ɗaya akwai lamba 5 da lamba 8, kowace da 'yan haruffa a kanta, a ɗayar kuma akwai 1771. Mansa Musa ya yi hajjinsa a 1324, tsakani ya fi shekara 400.

Abin da ke hannunmu dutsen gwada kuɗi ne na Ingila. A can a da suna da kuɗin zinariya mai suna gini, an fara buga shi a 1663, kuma ya samo sunansa daga gaɓar Afirka ta Yamma inda ake kwaso zinariyar. A 1717 aka tsayar da darajarsa a sule 21. Tun da darajar kuɗin tana cikin nauyinsa, sai macuta suka riƙa kankare gefensa suna tara garin, ga kuma goguwa ta yawon hannu. Shi ya sa mai kanti yakan ajiye ɗan ƙaramin ma'auni a aljihu, ya ɗora gini a gefe guda, wannan tagulla a ɗaya gefen. In kuɗin bai rinjaya ko ya yi daidai ba, ba a karɓa a cikakken farashi.

Lambobin ma lissafi ne. Turawan suna da wani awo da ke ɗauke da ƙwaya 24. Biyar ɗinsa ƙwaya 120, a ƙara 8, ya zama 128, kuma ƙwaya 128 ita ce giram 8.3 ɗin da sikeli ya ba mu. Shi ne mafi ƙarancin nauyin da aka yarda da shi ga ginin da aka buga bayan 1771. Ga masu raɗe-raɗin cewa zinariya ce ta dushe, ku dubi kaurinsa. Zinariya ta ninka tagulla nauyi, don haka dole a yi tagullar da kauri kafin ta kamo siririn kuɗi.

Wani dattijo ya ce mana ko na Asante ne. Tambayar tana da kan gado, ta fi ta Mali kusa. Sai dai duwatsun Asante zubi ake yi musu da kakin zuma, ɗaya-ɗaya, wasu da zanen layuka, wasu siffar tsuntsu ko kifi ko mutum. Wannan kuwa bugun hatimi ne, irin yadda ake buga kwabo. Duk da haka, a da masu awon garin zinariya a can sukan haɗa da duwatsun Turawa a cikin jakar awonsu, kuma fatakenmu na goro sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin Salaga, Kumasi da Ikko. A ganinmu wannan ce hanyar da hankali ya fi kwantawa da ita. Shi kansa goro ƙirga shi ake yi da ƙwarya, wuri ma ƙirga ne, saboda haka mai shi ya riƙe shi ne don marmari ko ya karɓe shi a cikin wani ciniki.

Me ya sa muka tsananta? Kalandar nan tana shiga fadar masu gari, tana shiga ofisoshi, kuma muna zaune a gari mai jami'a. An kafa Sabo a 1916, shekara sama da ɗari, abin da babu mai musunsa. In muka liƙa shekara 700 a kan abin da ke ɗauke da 1771 ɓaro-ɓaro, ranar da muka kawo hujja ta gaskiya a kan fili ko kasuwa, da wannan za a fara yi mana gori. Ga masu shi kuma, mun ji an ce musu zai yi kuɗin mota. An buga irinsa da yawa ƙwarai, kada wani ya ci bashi a kansa.

Shawararmu ga kwamiti, a buga hoton, fuska biyun duka, a rubuta nauyinsa da shekarar da ke jiki. Uwar gidan kuma ta ce a da yana cikin wani ɗan akwatin katako tare da ƙaramin ma'auni da wasu 'yan'uwansa. In an gano akwatin, a kawo mana shago bayan La'asar, maƙerin ya ce zai auna sauran kyauta.