Birni Ba Ganuwa: Nazarin Jigon Littafin Open City na Teju Cole

A wurin Bahaushe ganuwa ce ke mai da gari birni. Saboda haka fassara sunan wannan ƙagaggen labari da “buɗaɗɗen birni” tana tafe da tufka da warwara, kuma a ganinmu a nan ne jigon littafin ya kwanta.

Sunan yana da fuska biyu. A dokar yaƙi, wato yarjejeniyar Hague ta 1907, an haramta kai hari kan garin da ba ya kare kansa. Haka Brussels da Faris suka yi a 1940: suka buɗe ƙofa, gine-gine suka tsira, sojojin Jamus suka shige. Fuska ta biyu ita ce garin da ke karɓar kowane baƙo, kamar yadda ake yi wa Niyok kirari.

Littafin ya fito a 2011, bayan shekara ɗari da huɗu da wannan yarjejeniya.  Tauraronsa Julius likitan ƙwaƙwalwa ne, uba Bayarabe, uwa Bajamushiya, ya kuma yi makarantar soja ta Zariya. Yawo yake yi a titunan Niyok, yana sauraren baƙin haure da tsofaffi. A Brussels ya haɗu da Farouq, ɗan Maroko mai ilimi da ke tsaron shagon intanet, wanda ya zo Turai da kyakkyawan zato, ya tarar ƙofar a buɗe take, amma ba a shimfiɗa masa tabarma ba.

Mai karatu zai ɗauka Julius mutum ne mai faɗin zuciya. Sai dab da ƙarshe Moji, 'yar'uwar abokinsa, ta tuhume shi da yi mata fyaɗe tun suna matasa a Nijeriya. Bai musa ba, bai amsa ba. Sai ya kauce zuwa wata hikaya game da Nietzsche. Ana iya cewa tuhumar ta faɗo ba shiri, to amma marubucin ya daɗe yana share mata fage: duk lokacin da zance ya kusanci mahaifiyar Julius, sai ya tsere zuwa kiɗan Mahler ko tarihin wani titi. Ilimin nasa shi ne ganuwarsa.

Inda salon ya yi rauni shi ne wannan kaucewa takan yi tsawo har ta gundura, musamman a hirarrakin Brussels, inda Farouq kan koma kamar mai gabatar da lacca.