Fitilar ƙwai a daji da a ɗaki: ina masu yabonta suka yi daidai, ina suka kauce?

Ranar 28 ga Afrilu, 2025, wutar lantarki ta ɗauke a kusan duk faɗin Sifaniya da Fotugal, ba ta dawo wa wasu garuruwa ba sai cikin dare. Kafin nan, a watan Fabrairu na 2021, miliyoyin gidaje a jihar Texas ta Amurka sun yi kwanaki babu wuta ana tsakiyar muku-mukun sanyi. Duk lokacin da irin wannan ta faru a can, akwai wata shawara da ke sake tasowa daga bakin masu tanadin ko-ta-kwana da masu sha'awar kwana a daji cikin tanti: a ajiye fitilar kananzir. Hujjojinsu sanannu ne. Ba ta buƙatar batir, kananzir yana daɗewa a ajiye, iska ba ta kashe ta, kuma tana ɗumama wuri.

Wanda ya taso ana aikensa wanke ƙwan fitila kafin magariba zai yi murmushi idan ya ji Bature yana yabon abin da muka yar a bayan ɗaki. Amma maganar ta cancanci a auna ta, domin shawarar tana dawowa gare mu ta wayoyinmu, kuma mu ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne. Matsalata da ita ɗaya ce: ta haɗa wurare biyu da ba su da alaƙa, wato filin Allah da rufaffen ɗaki, ta ba su hukunci guda.

Bari mu fara ba fitilar haƙƙinta, don ƙirarta akwai basira. Lagwani yana tsotso kananzir daga tanki kamar yadda tsumma ke shan ruwa. Zafin wutar yana mayar da shi tururi, kuma tururin ne yake ci, ba ruwan man ba. A cikin harshen wutar, inda iska ba ta isa sosai, man yana tarwatsewa ya zama ƙananan ƙwayoyin kabon, su kuma su yi zafi har su riƙa walƙiya. Wannan walƙiyar ita ce hasken nan ruwan ɗorawa da muke gani. Michael Faraday ya nuna wa yara wannan a laccocinsa kan kyandir a Landan, waɗanda aka buga a littafi a 1861. Ku lura da abin da hakan ke nufi: fitilar lagwani ba ta iya ba da haske sai ta fara ƙirƙirar baƙin hayaƙi. Wutar da ta ci tsaf, irin shuɗiyar wutar risho, kusan ba ta da haske. Saboda haka duk dabarar fitila ita ce a samar da ƙwayoyin kabon, su haskaka, sannan su ƙone kafin su fita daga harshen wutar. Idan suka tsere, su ne kunkunniyar da ke baƙanta ƙwai, da silin, da cikin hancin yaron da ya kwana yana karatu.

Bututun nan biyu da ke gefen fitilar ƙwai, waɗanda da yawa daga cikinmu muka ɗauka ginshiƙai ne kawai, su ne sirrin. Wani Ba'amurke mai suna John Irwin ne ya fito da tsarin a ƙarshen shekarun 1860, kamfanin Dietz na New York, wanda aka kafa a 1840, ya yaɗa shi a duniya. A samfurin farko, bututun suna dawo da wani ɓangare na iskar da ta riga ta bi ta wuta. A samfurin da ya biyo baya, wanda shi ne muka fi sani, hayaƙi yana fita ta hular sama, bututun kuma suna kawo sabuwar iska daga waje su sauke ta ƙarƙashin lagwani. Wutar ta fi fari, ta fi haske. Kuma tunda iskar ba kai tsaye take dukan wutar ba, sai ta zagaya, guguwa ma da wuya ta kashe ta. Babu famfo, babu waya, babu abin da ke juyawa. Zafin wutar da kansa ne ke jan iskar.

To, don wa aka yi wannan wahalar? Don manomi mai shiga garke da asuba, da ma'aikacin jirgin ƙasa, da mai keken doki, da masu gyaran titi. Matsalar da Irwin ya warware ita ce iska. Don haka idan mai yawon daji ya ce zai rataye ta a reshen bishiya ko ya ajiye ta kan dutse a bakin sansani, ba ni da ja. Nan ne gidanta. Hayaƙin yana bin iska, ƙasa ba ta kamawa da wuta, haskenta mai laushi ba ya kashe ido. Sai dai ko a dajin, iyakarta bakin tanti. Tantunan zamani na yadin roba ne, suna narkewa su ɗiga a jikin mutum, hular fitilar kuma tana yin zafin da zai ƙona fata. Sannan kowace litar kananzir da ta ƙone tana fitar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi, da kimanin kilo biyu da rabi na iskar kabon dayoksayid. A ƙaramin tanti, mutum zai farka ya tarar bango yana naso.

Da zarar an shigo da ita ɗaki, lissafi ya canza. Mu ɗauki Feuerhand 276, fitilar Jamus da masu wannan shawara suka fi yabo. Tankinta yana cin mililita 340, yana kuma kai kimanin awa 20. Wato mililita 17 a awa. Litar kananzir tana ɗauke da makamashi kusan megajul 35, saboda haka fitilar tana ƙona abin da ya kai wat 165. Me take bayarwa? Haske na 'yan gomomin lumen. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da lumen 800. Kusan duk man da ka saya zafi yake zama; hasken ɗan rarar da ya saura ne.

A nan masu yabonta sukan juya maganar su ce ai zafin ma riba ne, musamman a ƙasar sanyi. Wannan ita ce hujjarsu mafi rauni a ganina. Jikin babban mutum da ke zaune yana fitar da zafi kusan wat 100. Wato ɗumin fitilar bai kai na mutum biyu da suka shigo hira ba. Don ka amfana da shi sai ka toshe taga da ƙofa, alhali ƙa'idar kunna kowace wuta a ɗaki ita ce a bar iska tana shiga. Ba a gudu ana susar ɗuwawu. A Kano ko Maraɗi a watan Afrilu kuwa, wa yake neman ƙarin zafi?

Maganar hayaƙi fa? A nan dole in taɓa ɓangarenmu, mu masu bincike, don mu ma muna da namu gangancin. Alƙaluman da aka fi jawowa sun fito ne daga binciken Nicholas Lam da abokan aikinsa, ciki har da Kirk Smith da a lokacin yake Jami'ar California a Berkeley da Tami Bond da a lokacin take Jami'ar Illinois, wanda aka buga a 2012. Sun yi awo a ɗakin gwaji da kuma gidaje a Uganda, suka gano cewa kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na kananzir ɗin da fitila ta sha yana fita ne a matsayin baƙin kabon. Suka ƙiyasta tan dubu 270 a shekara a duniya. Aiki ne mai kyau. Amma wannan kashi 7 zuwa 9 na fitilar gwangwani ce marar ƙwai, wadda muke kira a-ci-bal-bal. Fitilar ƙwai, a binciken nan ɗin dai, ta fitar da ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Duk da haka za ka ga an ɗauki adadin an manna shi ƙarƙashin hoton fitilar ƙwai. Wannan ba adalci ba ne, kuma yana ba masu yabonta damar cewa duk maganar ƙarya ce.

Haka batun tarin fuka. Wani bincike da aka yi kan mata a Pokhara ta ƙasar Nepal, aka buga a 2010, ya nuna alaƙa tsakanin amfani da fitilar kananzir da kamuwa da cutar, har kusan ninki tara. Adadin yana da ban tsoro, shi ya sa yake yawo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tazarar rashin tabbas ɗinsa ta tashi daga ninki ɗaya da rabi har sama da ninki sittin. Irin wannan faɗin yana gaya maka mutanen da aka gina lissafin a kansu kaɗan ne. Alama ce da ta isa a damu, ba ta isa a yanke hukunci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta fitar da ƙa'idojinta kan man da ake ƙonawa a gida a 2014, cewa ta yi a guji kananzir yayin da ake ci gaba da bincike. Ta yi magana da taka-tsantsan, mu ma ya kamata.

Amma kada masu fitila su yi saurin murna. Tsaftar fitilar ƙwai tana rataye ne a kan hannun mai ita. Sai an datse lagwani daidai, an goge ƙwai, an bar ta ta ɗumama kafin a ƙara wuta, sannan an haƙura da ɗan hasken da take iyawa. Wutar takan ƙaru da kanta idan ƙarfen ya yi zafi, shi ya sa iyayenmu suke komawa su rage ta bayan 'yan mintoci. Mutumin da ya sayi fitila ya ajiye a kwali shekara uku, ya ɗauko ta cikin duhu yara suna kuka, me zai fara yi? Zai murɗa lagwani sama don ya ga hanya. Nan take kabon ya fi ƙarfin iskar da bututun ke kawowa, ƙwai ya yi baƙi, haske ya ragu, ya sake murɗawa. Shawarar tana sayar wa mutane ƙarfe, ta manta da ƙwarewar da ke tafiya da shi.

Game da iskar kabon monoksayid, wadda ke kama jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, gaskiya ita ce fitila ɗaya mai ci da kyau ba ta kama ƙafar janareta ko gawayi ba. A ɗauke wutar Sifaniya, mutum uku 'yan gida ɗaya da suka rasu a yankin Galicia, hayaƙin janareta aka danganta mutuwarsu da shi. Wata mata kuma a Madrid gobara ce ta ci ta, wadda aka danganta da kyandir. Babban haɗarin fitila yana kusa da na biyun. Ana yawan cewa fitilar ƙwai tana mutuwa da kanta idan ta faɗi. Sau da yawa haka ne. Amma ƙwai yana fashewa, murfin tanki yana yoyo, katifar soso da gidan sauro kuma ba sa jiran a gama muhawara. Ba banza ba ƙungiyar Red Cross ta Amurka take cewa a yi amfani da tocila maimakon kyandir idan wuta ta ɗauke.

Inda shawarar ta fi zama haɗari shi ne lokacin da ta tsallako teku, domin tana ɗauka cewa abin da ke cikin galan kananzir ne. Aminci na kananzir ya dogara ne kan abu guda: ba ya fitar da tururin da zai kama da wuta sai ya ɗumama. A ma'aunin Amurka, wannan matakin bai kamata ya gaza digiri 38 ba. Na fetur kuwa yana ƙasa da sifiri da kimanin digiri 40, wato kullum a shirye yake. Ɗan fetur kaɗan idan ya shiga kananzir, ta hanyar tankar da ba a wanke ba ko ta hannun mai son zuciya, ya isa ya cika sararin da ke saman man a cikin tanki da tururi mai fashewa. Asibitocin Najeriya sun sha karɓar iyalai da suka ƙone ta wannan hanya, galibi a lokacin da ake ƙara mai fitila tana ci. Tun da aka cire tallafin kananzir a 2016 har farashinsa ya zarce na fetur, mai algus ya sami ƙarin dalili. Ƙara da cewa a Sakkwato, Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura digiri 40, don haka tazarar amincin da Bature yake da ita a ɗakin ajiyarsa mai sanyi, mu tamu siririya ce ko da man mai kyau ne.

Ga kuma kwalbar lemo. Kananzir da aka zuba a cikinta yana cikin manyan abubuwan da ke kai ƙananan yara asibiti da guba a ƙasashenmu. Illar ba a ciki take ba, a huhu take: man yana da tsinkewa, ɗigo kaɗan ya shiga maƙogwaron iska sai ya bazu. Shi ya sa sa yaro amai, ko ɗura masa manja ko madara, yake ƙara ɓata lamarin. Asibiti za a nufa.

Akwai wuri guda da nake sara wa masu fitila. Suna cewa abin da ke da batir yana cin amana, kuma duk wanda ya sayi fitilar caji mai arha ta mutu a wata na huɗu ya san ba ƙarya suke yi ba. Fitilar ƙarfe takan yi shekara talatin, lagwani da ƙwai kawai ake canzawa. Amma wannan suka ce ga kayan banza, ba ga LED ba. Shirin Lighting Africa na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2007, ya ɓullo da gwajin ingancin ƙananan fitilun sola saboda wannan matsalar dai, kuma akwai waɗanda suka ci gwajin a kasuwa. Tocila mai batirin da ake cirewa, da ƙaramar fitilar sola da ake shanyawa a rana, sun rufe gibin ba tare da an ajiye galan ɗin mai kusa da yara ba.

Su kansu masu ƙera Feuerhand sun fahimci inda kasuwarsu take. Har yanzu ana yin samfurin 276 a Jamus, amma yau ana fentinsa ja da kore da shuɗi, kuma a hotunan tallarsa galibi a kan teburin lambu yake, ko rataye a baranda, ko a bakin tanti daga waje.