Wanda Aka Riga Aka Yi Wa Sadakar Arba'in: Sharhi Kan Fim Ɗin Cast Away

Mu a Katsina ba mu da teku. Ruwa mafi girma da yawancinmu suka taɓa gani bai wuce dam ɗin Zobe ko na Jibiya ko Ajiwa ba, kuma ko a can ba wanda zai maƙale a tsibiri har a fidda rai da shi. Saboda haka fim ɗin Cast Away, wanda Robert Zemeckis ya ba da umarni, ya fito a Disambar 2000, ya kamata a ce labarin nesa ne a wurinmu, irin wanda ake kallo a yi hamma a kwanta. Amma wanda duk ya kalle shi a 'yan shekarun nan, bayan abin da jiharmu ta gani na satar mutane, zai ji minti talatin na ƙarshe sun taɓa shi fiye da yadda masu fim ɗin suka taɓa zato. Za mu bayyana ƙarshen labarin a wannan sharhi, don haka wanda bai kalla ba ya san da wannan.

Tom Hanks ne ya fito a matsayin Chuck Noland, ma'aikacin kamfanin aika saƙo na FedEx da ke Memphis a Amurka. Aikinsa shi ne ya bi rassan kamfanin yana gano inda ake ɓata lokaci. Farkon ganinmu da shi a Mosko ne, yana ta yi wa ma'aikata faɗa, don ya aiko wa kansa agogo a cikin kwali daga Amurka, agogon ya ci awa 87 a hanya. Mu da ke aikin rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan mutum, domin a cikinmu yake: idan shafi ya yi jinkirin daƙiƙa biyu kafin ya buɗe, ranar ba zaman lafiya. Ana cikin cin abincin Kirsimeti na 1995 tare da budurwarsa Kelly, wadda Helen Hunt ta fito a matsayinta, sai aka kira shi aikin gaggawa a Malesiya. Jirgin ya faɗi a tekun Fasifik cikin hadari, shi kaɗai ya tsira, ruwa ya jefa shi wani tsibiri da ba kowa.

Wannan gabatarwa ta yi tsawo, kuma tambarin FedEx ya cika ido, har shugaban kamfanin na gaskiya a lokacin, Fred Smith, sai da ya leƙo daga baya. Mai gajen haƙuri zai iya kashe waya a nan. Ya daure.

Da zarar an isa tsibirin sai fim ɗin ya zama wani abu dabam. An ɗauki wannan sashe a Monuriki, wani ɗan tsibiri a ƙasar Fiji, kuma Zemeckis ya yi abin da daraktoci kaɗan ne za su iya jurewa: ya kashe kiɗa. Alan Silvestri ne ya tsara kiɗan fim ɗin, amma ba a jin sa sai lokacin da Chuck ya tsallake igiyar ruwa ya waiwayo yana kallon tsibirin na nisa. Kafin nan ba ka jin kome sai iska da ruwa da faɗowar kwakwa. Ko kukan tsuntsu babu. (Muna fata masu fassara finafinai zuwa Hausa, waɗanda ba sa barin daƙiƙa ɗaya ta wuce ba su sa baki ba, za su ƙyale wannan fim ya huta. Shirun nan shi ne rabin labarin.) Kyamara ba ta gaggawa. Za ka zauna kana kallon ƙaton mutum yana fama da kwakwa ɗaya, ya buga da dutse ta ƙi, ya jefa ta ƙi, da ta fashe kuma ruwan ya tsiyaye a ƙasa. Mutumin da ke ƙirga daƙiƙa ya wayi gari ba shi da kome sai lokaci, agogon aljihun da Kelly ta ba shi kuma ya tsaya cak.

Kwalayen FedEx da ruwa ya koro su ne dukiyarsa. Da farko ya ƙi buɗewa, yana jera su kamar gobe zai kai wa masu su. Da yunwa ta ci ƙarfinsa ya buɗe, sai ga tarkacen da ba su da amfani a ido: kaset-kaset na bidiyo, rigar mata mai raga, takalman sulu a kan ƙanƙara masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, da ƙwallon raga. Kowanne ya samu sabon aiki. Raga ta zama komar kamun kifi, zaren kaset ya zama igiya, ƙarfen takalmi ya zama gatari, ya kuma zama abin da ya fasa haƙorinsa mai ciwo da shi, a wani wuri da ba kowa ke iya kallo ido buɗe ba. Marubucin labarin, William Broyles Jr., sai da ya je ya zauna shi kaɗai na 'yan kwanaki a wani gaɓar teku a Meksiko don ya ɗanɗana abin da zai rubuta, kuma hakan ya nuna. Shi ma Hanks an dakatar da ɗaukar fim ɗin kusan shekara guda don ya rame ya tara gemu, ya zubar da fiye da kilo 20. A tsakanin nan Zemeckis ya je ya yi wani fim ɗin, What Lies Beneath, ya dawo.

Sai Wilson. Garin haƙilon kunna wuta Chuck ya yanke hannu, ya ɗauki ƙwallon ya yi jifa da ita don haushi, jinin tafinsa ya bar tambari kamar fuska. Ya zana mata ido da baki, ya kira ta da sunan kamfanin da ya ƙera ta. Daga ranar ya samu abokin hira, abokin gardama ma. A takarda wannan abin dariya ne, kuma dabara ce ta marubuci don jarumi ya samu wanda zai yi wa magana. Amma lokacin da ƙwallon ta suɓuce daga kan itatuwan da ya ɗaure ya hau, ta bi ruwa, shi kuma yana kuka yana ba ta haƙuri, ba mu san mai kallon da ya yi dariya ba. Hanks ya ci kyautar Golden Globe da wannan rawa, an kuma sa shi cikin 'yan takarar Oscar. Ya cancanta.

Akwai abin da mai kallo Bakatsine zai lura da shi nan take, ko da bai yi niyya ba: mutumin nan ya shekara huɗu tsakanin sama da ruwa, ba mu gan shi ya ɗaga hannu ya roƙi kowa ba. Ya binne gawar ɗaya daga cikin matuƙan jirgin da ruwa ya kawo, ya tsaya a kan kabarin ya rasa abin cewa, ya juya. Ba laifi muke ɗora wa fim ɗin ba, haka mutumin yake, kuma gara a nuna shi yadda yake da a liƙa masa addu'ar ƙarya. Sai dai wannan ya sa tsibirin ya zama wurin gwajin hannu da dabara kawai. Tun ƙarni na 12 Ibn Ɗufail na Andalus ya rubuta Hayy bin Yaƙzan, labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya bi tunani daki-daki har ya kai ga sanin Mahalicci. Daniel Defoe ma, a Robinson Crusoe na 1719, ya sa mutuminsa ya koma ga littafin addininsa. Chuck kuwa da ya zana tafiyar hasken rana a bangon kogo, don ya san watan da iska za ta juya ne. Ko a kaɗaici ma'aikacin FedEx ne.

Inda fim ɗin ya zo gida shi ne bayan an cece shi. Ya rubuta a jikin dutse cewa ya yi kwana 1,500 a tsibirin. Ya dawo Memphis ya tarar an yi masa jana'iza, an binne akwatin gawa da aka zuba wa 'yan kayansa. Kelly ta auri wani likitan haƙori, wanda ya taɓa yi wa shi Chuck ɗin aiki, har sun haifi 'ya. A liyafar tarbarsa aka jera masa ƙaguwa a faranti, abincin da ya shekara huɗu yana farauta da tsinke. Bayan kowa ya watse ya ɗauki layita yana kunnawa yana kashewa, ya bar gado ya kwanta a ƙasa. Wannan ɗan wuri, ba magana ko ɗaya, ya fi duk jawabin da ya biyo baya.

Mu ƙirga kwanakin nan. Kwana 1,500 shekara huɗu ke nan da kusan kwana arba'in. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san wannan adadi, a babin mafƙudi, wato mijin da ya ɓata ba a san yana raye ko ya mutu ba. A mazhabar Malikiyya matarsa za ta kai ƙara wurin alƙali, a yi cigiya, idan aka rasa labarinsa a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sannan ta yi aure in ta so. Imam Malik ya ruwaito asalin hukuncin a Muwaɗɗa daga Sayyidina Umar. Idan ɓataccen ya dawo bayan ta tare da sabon miji, ta kuɓuce masa. Chuck da Kelly ba su yi aure ba, ɗan akwatin da ya miƙa mata a mota kafin ya hau jirgi shi ne iyakar alkawarinsu, don haka hukuncin bai hau kanta ba. Amma da matarsa ce a garin nan, da ya dawo da ƙyar ne a ce ta fita takaba. Malamanmu sun zauna sun yi wa wannan tambaya lissafi na kwana da wata fiye da shekara dubu da suka wuce, saboda sun san fatake suna shiga sahara su ƙi dawowa, mahajjatan ƙasa suna shekara bakwai a hanya. Kuma abin lura, wadda aka bari a gida ita suka sa a gaba: wa zai ciyar da ita, har yaushe za ta jira, wa zai yanke mata.

A nan ne Cast Away ya gaza. Ya ba mu fiye da awa guda na shekarun Chuck, bai ba mu ko minti ɗaya na shekarun Kelly ba. Abin da muka samu kawai shi ne taswirorin cigiya da ta baza a tebur, da motarsa da ta ajiye ba ta sayar ba, da maganarta cikin ruwan sama cewa ta ji a jikinta yana raye amma kowa ya ce ta haƙura. Helen Hunt ta yi iya yinta da ɗan abin da aka ba ta. Amma ranar da ta yarda ya mutu, wace rana ce? Wa ya fara kawo mata zancen wani? Abubakar Tafawa Ɓalewa bai yi wannan rowa ba a Shaihu Umar, littafin da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Ya bar yaron da aka sace, ya bi mahaifiyarsa da ta ratsa sahara tana nemansa har ita ma ta faɗa bauta, kuma wahalarta ce mai karatu ya fi tunawa.

Mu kuwa ɓangaren Kelly muka fi sani. Tsibirinmu daji ne da rairayi. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a saharar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankin Kance can bayan Daura, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, 344 suka dawo bayan kwana shida, kwana shidan da iyayensu suka yi a ƙofar makaranta. Waɗannan an san ƙarshensu. A ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, wajen Batsari da Safana da Ɗanmusa, akwai gidajen da har yau ba a san ko zaman makoki za a yi ko jira ba. Da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi fiye da goma na jihar nan a Satumbar 2021, mutane a birni sun yi watanni ba su ji muryar 'yan uwansu da ke tafiyar awa ɗaya ko biyu ba. Ga wanda ya sha wannan, fuskar Kelly lokacin da wayar ta shigo ta faɗi sumammiya ba ta buƙatar fassara.

Duk da haka, haɗuwarsu ta dare a gidanta an yi ta da natsuwa. Suna tsaye a kicin suna zancen ƙwallo da ƙungiyar da ta koma wani gari, don ba wanda zai iya fara zancen gaskiya. Ya mayar mata da agogon kakanta, ya riƙe hoton. Ta biyo shi da gudu cikin ruwa, ta shiga motar, suka zauna, sannan shi da kansa ya ce ta koma gida, ya kai ta ƙofa. Ba a mai da sabon mijin mugu don a sauƙaƙa mana zaɓi ba, kuma wannan adalci ne da finafinanmu na gida ba su cika yi wa kishiya ko mijin biyu ba.

Da a nan aka tsaya. Amma akwai kwali ɗaya mai zanen fukafukai da Chuck ya ƙi buɗewa duk shekarun nan, ya ɗauka ya kai wa mai shi a wani gidan gona a Teksas, ya bar takarda cewa kwalin ne ya ceci ransa. A hanyar dawowa ya tsaya a mararraba yana duba taswira, sai ga kyakkyawar mace a mota ta tsaya ta nuna masa hanyoyi, da za ta wuce kuma sai ga zanen fukafukan nan a bayan motarta. Ya bi hanyar da ta bi da kallo, ya yi murmushi. Wannan lallashin mai kallo ne, an biya jarumi diyya tun hawayensa bai bushe ba. Kelly kuwa an bar ta a bayan ƙofa, da miji a sama yana barci, ba a sake waiwayar ta ba.